WASIƘAR MASANAWA: Yadda Lanƙwasar Baƙaƙenmu Ta Ke Ɓata A Hannun Tafintan Kwamfuta

Zuwa ga Edita,

A makon jiya na yi alkawari zan yi magana a kan tsadar taki a kasuwanninmu na yammacin Kano. To, ina neman gafara, na ɗaga wannan sai wani mako, gama wani abu ya faru a gabana wanda ya shafi akawuna da malaman makaranta da malaman zaure gaba ɗaya, na ga bai kamata in bar shi ya huce ba.

Akwai wani ɗan ƙanena da ya yi karatun kwamfuta a birni. Da ya zo gida hutu, sai shugaban wata makaranta ta nan yankinmu, tsakanin Kabo da Gwarzo, ya roƙe shi ya shirya musu manhaja wadda za ta tara makin yara, ta kuma fitar da takardar sakamako da Hausa, domin iyaye su karanta da kansu, ba sai sun nemi mai fassara ba. Yaro ya yi kwana da kwanaki yana aiki. Ran da aka buga takardun farko ina zaune a ofishin. Shugaban ya ɗauki ɗaya ya duba, ya yi shiru, ya miƙo mini, ya ce, "Malam, duba mini nan, ko idona ne?" Na duba. Inda ya kamata a ga "Ya yi ƙoƙari" sai na ga "Ya yi Æ™oÆ™ari". Inda ya kamata a ga "Ɗabi'a" sai ga "ÆŠabi'a". Lissafin maki duk daidai, amma ko wane baƙi mai lanƙwasa ya rikiɗe ya zama baƙaƙe biyu na wata ƙasa.

Wani malami da ke wurin ya ce abin mai sauƙi ne, a cire lanƙwasar duka, a rubuta "kokari", ai kowa ya san abin da a ke nufi. Ni kuwa na ce ban yarda ba. Na shekara da yawa ina bugun yatsun yara da rula a kan wannan lanƙwasa, ba zan zauna a gabana a koya musu da takardar makaranta cewa ba ta da amfani ba. Na juya ga yaron na ce masa ya bayyana mini inda cutar ta ke. Ya ce, "Baffa, bayanin yana da tsawo." Na ce ai dare ma yana da tsawo. Muka zauna a zaure kwana uku bayan sallar lisha, yana zane a takarda ina tambaya. An ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gan shi ba, amma a wannan karo ni ne a gindin rimin. Ga abin da na fahimta, na kawo muku.

KO WANE BAƘI DA LAMBARSA

Abu na fari, kwamfuta ba ta san baƙi ba, ba ta san wasali ba, lamba kaɗai ta sani. Malaman zaure ba za su sha wuyar gane wannan ba, gama sun san hisabi: alif 1, ba 2, jim 3, dal 4, har zuwa 1000. Sun kuma san hisabin iri biyu ne. A lissafin mutanen Gabas sin 60 ne, shin 300. A lissafin Magariba kuwa, wanda malaman ƙasar nan suka bi wajen ramzin shekara a ƙarshen waƙoƙinsu, sodi ne 60, sin 300, shin 1000. Saboda haka in mutum ya rubuta ramzi da lissafin Magariba, wani ya zo ya warware da na Gabas, shekarar da zai samu ba ita mawallafi ya nufa ba, alhali kuwa babu wanda ya yi kuskuren ƙidaya a cikinsu. Jadawalin ne ya saɓa. To, ku riƙe wannan, domin shi ne gindin maganar duka.

A shekarar 1963 mutanen Amurka suka tsara jadawalin da a ke kira ASCII, mai lamba 128, daga 0 zuwa 127. A 1967 aka ƙara masa ƙananan baƙaƙe. A cikinsa A 65 ne, K 75, ƙaramin k kuwa 107. Sun auna shi da bukatar Ingilishi, don haka babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ.

Ma'ajin kwamfuta kuwa gurbi-gurbi ne, kamar gurbin dara. Gurbi guda, wanda Turawa ke kira bayit, yana ɗaukar lamba ɗaya daga 0 zuwa 255, ba ya wuce nan. Tun da ASCII ya tsaya a 127, sai rabin gurbi ya zama fili, ko wace al'umma ta zo ta yi shuka a ciki yadda ta ga dama. Lamba 198 a jadawalin Turai ta Yamma, mai suna 1252, ita ce Æ. A na Rashawa ita ce Ж. A na Larabawa kuwa ya ce mai hamza. Lamba ɗaya, baƙi uku. An yi wa harsunan Afirka nasu jadawalin a 1983 domin ɗakunan karatu, da lanƙwasarmu a ciki, amma bai yaɗu cikin injunan ofisoshi ba.

Wannan wahala ba baƙuwa ba ce gare mu. Turawan da suka fara rubuta Hausa da boko, waɗansu ɗigo suka riƙa sawa ƙarƙashin baƙi, waɗansu waƙafi a gefensa, sai a shekarun 1930 lanƙwasa ta zauna a littattafan da a ke bugawa a Zariya. Tsofaffin akawuna kuma za su tuna da tafireta, yadda mu kan gama buga takarda sa'an nan mu bi ta da alƙalami muna lanƙwasa kan k da d da b ɗaya bayan ɗaya. Da kwamfuta ta shigo, masu himma, cikinsu har da Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ta Kano, suka ƙera fasalin rubutu mai lanƙwasa, aka buga littattafai da jaridu masu yawa da shi, kuma sun cancanci godiya. Dabarar wancan zamani ita ce a ari lambar wani baƙi da Hausa ba ta bukata, a sa masa rigar ƙ. Muddin rigar na jikinsa, lafiya lau. Ran da takarda ta je injin da ba shi da wannan fasali, sai riga ta faɗi, mai ita ya bayyana. Shi ya sa har yau ku ke gamuwa da "qasa" da "xaya" da "varawo" a waɗansu rubuce-rubuce, ko "}asa" da "]aya" a waɗansu.

JADAWALI GUDA DON DUNIYA DUKA

A 1991 aka fito da Unicode, watau jadawali guda wanda zai ba ko wane baƙi na ko wane harshe lambarsa shi kaɗai, ba ya tarayya da kowa. Baƙaƙenmu suna ciki tun farkonsa. Ga lambobinsu, don masu son su rubuta su ajiye:

Ɓ 385, ɓ 595
Ɗ 394, ɗ 599
Ƙ 408, ƙ 409
Ƴ 435, ƴ 436

Na ƙarshen nan shi ne wanda 'yan'uwanmu na Nijar ke rubutawa a inda mu mu ke sa 'y. Alamar Naira ma, ₦, tana da tata, 8358. Ajami bai rasa rabo ba: a 2005 an ƙara baƙaƙen Larabci da harsunan Afirka ke bukata, a 2016 kuma aka ƙara fa da ƙaf da nun irin na rubutun Warshu. A 2024 baƙaƙe da alamomin da ke cikin jadawalin sun wuce 150,000.

Amma ku lura da abu guda. Duk lambobin nan namu sun fi 255, watau ba mai shiga gurbi ɗaya. Tilas a san yadda za a raba lamba a gurabu, a nan kuwa aka sami hanya uku. Ta fari UTF-32, kowa gurbi huɗu, babba da yaro. Ta biyu UTF-16, yawanci gurbi biyu, waɗansu huɗu. Ta uku UTF-8, wadda Ken Thompson da Rob Pike suka tsara a watan Satumba 1992: baƙin Ingilishi gurbi ɗaya da lambarsa ta dā, namu masu lanƙwasa da na Larabci na asali biyu-biyu, alamar Naira uku, waɗansu huɗu. Ita ce yau ta rinjaya a intanet.

A hanyar UTF-8, ƙ ya kan zama gurbi biyu, 198 da 153. To, wanda ya karanta su da jadawalin 1252 zai ga 198 ya ce Æ, ya ga 153 ya ce ™. Kun ga asalin baƙin da suka sauka a takardar makarantarmu. Babu abin da ya lalace cikin inji. Ramzi ne aka rubuta da lissafi ɗaya, aka warware da wani.

TAFINTA DA ƘOFOFINSA UKU

Saura mu san wanda ya yi warwarar. Mai shirya manhaja ba da lambobi ya ke rubutu ba. Yana rubuta umurninsa da wani harshe da mutum ke iya karantawa, kamar harshen C, wanda Dennis Ritchie ya ƙago wajen 1972, ko ƙanensa C++, wanda yaron nan ya yi aiki da shi. Wannan rubutu shi ne takardar asali. Sa'an nan akwai wata manhaja da ke karanta takardar ta juya ta zuwa lambobin da inji ke bi. Turawa suna kiranta kwamfaila, ni kuwa tafinta zan kira ta, gama aikinsu ɗaya da tafintan da ke tsayawa tsakanin Bature da talaka a zamanin En'e. Kowa ya san in tafinta ya ji ba daidai ba, hukuncin da zai fito ba na mai ƙara ba ne, ba kuwa na alƙali ba.

Kalma kamar "ƙoƙari", in an rubuta ta cikin takardar asali, sai ta ratsa ƙofa uku kafin ta kai idon uban yaro. Ƙofa ta fari, da wane jadawali tafinta zai karanta takardar. Ta biyu, da wane jadawali zai ajiye kalmar cikin manhajar da ya haɗa. Ta uku, da wane jadawali allo ko injin bugawa zai nuna ta. In ɗaya ta saɓa wa sauran, an yi ɓari.

Namu a ƙofa ta fari ya faɗi. Yaron ya ajiye takardarsa da UTF-8, amma bai gaya wa tafinta ba, ita kuwa takarda ba ta da wata shaida a goshinta. Tafinta ya ɗauka jadawalin 1252 ne, ya ga gurbi biyu ya ce baƙi biyu ne, ya ajiye su haka. Akwai kuma cuta ta biyu, ta ƙofa ta biyu, wadda ta fi wannan muni. Tafinta ya kan karanta ƙ daidai, amma a umurce shi ya ajiye da jadawalin da babu ƙ a ciki, sai ya sa alamar tambaya a madadinsa, a sami "?o?ari". Akawu ya kamata ya san bambancin nan. In ka ga Æ™, lambobin suna nan, mai sani yana iya mayar da su. In ka ga alamar tambaya ta zauna cikin ajiyayyen rubutu, baƙin ya tafi ke nan, ba mai sanin ƙ ne ko ɗ sai an koma ga rajistar hannu. Saboda haka kada ka yar da rajistar hannu.

MUDU MAI FAƊI

Yanzu ga inda na fi jin daɗin bayanin. Da yaron ya fara aiki, ya san gurbi ɗaya ba zai ɗauki ƙ ba, don haka ya yi amfani da abin da a ke kira baƙi mai faɗi. A 1989, da aka tsayar da ƙa'idar harshen C a Amurka, an sa wani ma'auni mai suna wchar_t domin harsunan da baƙaƙensu suka fi ƙarfin gurbi ɗaya, irin na Japan da Sin. In mai rubutu ya sa L gaban kalma, ya gaya wa tafinta ke nan ya auna ta da wannan babban mudu. Amma masu ƙa'idar ba su faɗi girman mudun ba, sun bar wa kowa ya yanka nasa. Masu Windows suka yanka gurbi biyu, gama a 1993, lokacin da suka fito da Windows NT, ana zaton lamba 65,536 za ta ishi duniya. Masu Linux suka yanka huɗu. Duk wanda ya taɓa sayen dawa a wata kasuwa ya kai wata ya san abin da ke faruwa in suna ɗaya ne, mudu biyu. Abin da aka auna aka ajiye a wannan inji, in an kai wancan sai a ga ba ya karantuwa.

Ba a daɗe ba kuwa aka ga 65,536 ba za ta isa ba. A 1996 aka faɗaɗa Unicode har ya kai gurbin lamba 1,114,112, aka ce baƙin da lambarsa ta wuce 65,535 sai ya ci mudu biyu na mai gurbi biyu. Kada ku ce wannan matsalar mutanen Sin ce. Rubutun Adlam na Fulfulde, wanda Ibrahima Barry da ɗan'uwansa Abdoulaye suka ƙago a ƙasar Gini wajen 1989, ya shiga Unicode a 2016, lambarsa ta fari kuwa 125,184 ce. Manhajar da ta ɗauka ko wane baƙi mudu ɗaya ne, in ta gamu da sunan Bafulatani da Adlam, sai ta ƙidaya ko wane baƙi biyu, ko ta raba shi tsaka. Don gyaran wannan ne a 2011 aka ƙara wa C da C++ ma'aunai masu tsayayyen girma, ɗaya na gurbi biyu, ɗaya na huɗu, da alamar u8 ta UTF-8, domin kowa ya san da wane mudu ya ke awo.

Darasin da yaron ya ce ya koya shi ne, faɗin mudu ba ya gyara kuskuren ƙofa ta fari. Tafinta ya riga ya ji baƙi biyu, sai ya zuba ko wanne a nasa babban mudu, kuskure ya sami wurin miƙe ƙafa.

RAMUKA HUƊU A KAN HANYA

Da aka gyara wannan, sai waɗansu suka ɓullo, su kuwa sun shafi sunayen yara.

Na fari, ƙidaya. "Ƙasa" baƙi huɗu ce a ido, amma gurbi biyar ce a UTF-8. "Ƙanƙanta" takwas ce, gurbi goma. In an ce gidan suna kada ya wuce gurbi kaza, almakashi na iya faɗawa tsakiyar ƙ na Ruƙayya, rabi ya shiga, rabi ya zube, a sami wata alama da ba ta kowa ba.

Na biyu, manyan baƙaƙe. A ASCII tsakanin ƙarami da babba 32 ne kullum, k 107, K 75, har waɗansu suka saba da ɗebe 32 kawai. Ku gwada da namu: daga ƙ zuwa Ƙ 1 ne, daga ɗ zuwa Ɗ 205, daga ɓ zuwa Ɓ 210. Dalili kuwa, ƙananan ɓ da ɗ an zaunar da su a unguwar alamomin masana furuci, manyansu a wata unguwa dabam. Manhajar da ba ta san wannan ba sai ta rubuta "RUƙAYYA".

Na uku, jeri. A ƙamus ɗ yana bin d, ƙ yana bin k. Amma in inji ya jera da lamba, Z 90 ne, Ɗ kuwa 394, sai Ɗahiru da Ɗanladi su koma ƙarshen rajista, bayan Zubairu. Wanda ya je neman suna a ƙarƙashin D bai gani ba sai ya ce babu shi. A makaranta abin dariya ne. A jerin masu karɓar taki ko albashi ba abin dariya ba ne.

Na huɗu, waƙafin sama na Sa'adatu da Rabi'u da 'ya'ya. A wurinmu baƙi ne, a wurin tafinta kuwa alama ce ta buɗe zance da rufe shi. Manhajar da aka yi da gaggawa ta kan ga waƙafin Asma'u ta ce suna ya ƙare a Asma, sauran kuma ta rikice a kansa. Unicode ya tanadi waƙafi na musamman, lamba 700, wanda a ke lissafa shi baƙi, ba alama ba.

Har wa yau akwai wani abu da ya shafi masu ajami. Domin Larabci daga dama ya ke farawa, an sa waɗansu alamomi ɓoyayyu da ke juya akalar rubutu. A watan Nuwamba 2021 Nicholas Boucher da Ross Anderson na Jami'ar Kambirij ta Ingila suka nuna cewa mugu na iya cusa su cikin takardar asali, idon mai dubawa ya ga umurni ɗaya, tafinta ya bi wani. Daga nan aka koya wa tafintoci da dama su yi gargaɗi in sun gamu da su. Wannan ba dalilin gudun ajami ba ne, dalilin lura ne.

YADDA AKA WARKE

Maganin bai kai cutar tsawo ba. Yaron ya gaya wa tafinta a fili cewa takardar asali UTF-8 ce, ya ajiye da UTF-8. Ya bar mudu mai faɗi sai a bakin ƙofar da inji ya tilasta shi, nan ya ke juyawa, ya kuma juyo. Ƙidaya da jeri da manyan baƙaƙe ya bar wa kayan aikin da aka yi domin Unicode, ya daina lissafin kansa. Ya nuna mini kuma wata tsohuwar dabara, wadda ke cikin ƙa'idar C tun 1999: in kana shakkar tafinta, sai ka rubuta \u0199 a madadin ƙ, watau ka kira baƙin da lambarsa, gama 0199 ita ce 409 a lissafin sha shida-sha shida da masu inji ke yi. Ya ce sababbin harsuna sun huta da yawancin wannan. Python na 3, wanda ya fito a 2008, da Go na 2009, duk UTF-8 su ke ɗauka tun daga fari. Tafintan GCC ma tun 2020 yana karɓar baƙi irin namu kai tsaye cikin sunayen da mai rubutu ke laƙaba wa abubuwa. Aka sake buga takardu, "ƙoƙari" ya fito da lanƙwasarsa biyu, Ɗahiru ya koma bayan Dauda inda ya dace.

Yanzu in koma ga malamin nan da ya ce a cire lanƙwasa. Ba zan zalunce shi ba, yana da hujja. Gajeren saƙon waya yana ɗaukar baƙi 160 in duk na jadawalin wayar ne, amma ƙ ɗaya tak in ya shiga, sai a koma awo da gurbi biyu, saƙo ya tsaya a 70. Mai baƙi 100 sai ya biya kuɗin saƙo biyu. Talaka da ya bar lanƙwasa don wannan, ban ga laifinsa ba. Gaskiya ne kuma Bahaushe ya kan gane nufi daga zance. Amma ba kullum ba. "An kai kara gidan dagaci" dabam, "an kai ƙara gidan dagaci" dabam. Wanda ya ce kura ta tashi a kasuwa, da wanda ya ce ƙura ta tashi, ba gudu ɗaya za a yi musu ba. Kafa da ƙafa, baki da baƙi, fada da faɗa, duk haka. Wanda ya sha Hausa a nono ya gane, amma yaro ɗan aji biyu fa, da baƙon da ke koyo? Ga shi kuma yanzu injuna na koyon harsuna daga abin da mutane suka rubuta. In muka cika duniya da Hausa marar lanƙwasa, ita za su koya, ita kuma za su mayar wa jikokinmu.

Saboda haka ga roƙona. Akawu, in an kawo manhaja ofishinku, kafin a sallami mai ita ka gwada ta da Ɗahiru, da Ruƙayya, da Sa'adatu, da alamar Naira. Ka sa ta buga su a takarda, ta jera su, ta mai da su manyan baƙaƙe, ka kuma nemi ɗaya ka ga ko za ta samo shi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Malamin makaranta, wayoyin yanzu suna da allon rubutun Hausa, ka sa shi, ka koya wa yara. Mai tsohon rubutu da q da x da v, ka nemi a juya maka shi zuwa Unicode tun injin da ke karanta shi yana da rai. Malamin zaure mai littattafan ajami, in za a buga maka su a inji, ka tambaya ko baƙaƙen da lambarsu ta gaskiya aka shigar da su, ko riga aka ara musu. Ku kuma samari masu rubuta manhaja, ku gaya wa tafinta jadawalinku tun a layin fari, kada ku bar shi ya yi zato.

Waɗanda suka riga mu da alƙalami suka bi takarda suna lanƙwasa baƙi ɗaya-ɗaya, ba su gaji ba. Mu da aka ba ko wane baƙi lambarsa tun 1991, in ya ɓata a hannunmu ba mu da wanda za mu kai ƙara. In akwai mai karatu a Getso ko Garo ko wani wuri da irin wannan ta same shi, ina so ya rubuto wa Edita mu ji yadda ya yi da ita. Maganar taki kuwa sai mako mai zuwa, in muna da rai.

Haza wasalam.

Naku,
Tsohon Malamin Makaranta,
Masanawa, Ƙaramar Hukumar Kabo.